Taken Mamman Jatau a Bakin Teku

A tashar Malanbil na fara gane cewa hanya ba ta son mai yawan tambaya. Sau uku na tambayi direba ko wannan ce motar Paraku. A na ukun ya juyo ya ce in na ƙara buɗe baki zai ɗaure ni a saman mota tare da buhunan albasa. Na daina tambaya, amma har muka isa ina duba kowane allo na gefen titi, ko da yake da Faransanci aka rubuta, ban san abin da suke cewa ba. Haka Allah ya yi ni. In na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon, in na gama alwala sai in kama shakkar ko na shafi kunne.

Sunana Lawali, daga wani ƙauye a gefen Gwashi, ƙasar Bukkuyum. Karatuna aji shida ne a Gummi, inda na zauna wurin kawuna na koyi liƙi: risho, buta, bokiti, duk abin da ya huje. A makarantar ne kuma aka riƙa ba ni bigila in busa ranar fareti, don ina da dogon numfashi. A shekarar da aka fara kwashe ƙasa mai gubar dalma daga gidajen Bagega ta ƙasar Anka, mutanen wajenmu suka ce aikin zinariya ya koma Gana, kuma can ana neman mai gyaran ƙarfe. Na bi su da jakar kayan aikina.

A Lome wani mutum mai fara'a ya tare ni, ya ce shi ma daga ƙasar Hausa yake, ya kira ni ɗan'uwa. Ya ce in ba shi jakar ya tsallaka mini da ita ta wata hanya don kada a wahalar da ni a kan iyaka. Ya kuwa kawo ta. Sai da mota ta tashi na buɗe. Magagarina mai kyau babu, awartaki biyu babu, fitilar liƙin da kawu ya ba ni babu, an cusa tsumma da ɓawon kwakwa a gurbinsu. Abin da ya fi ƙona mini rai, har godiya na yi masa da hannu biyu da za mu rabu.

Daga Kumasi aka kai mu wani daji inda ake haƙa. Kwana tara na yi. Injin niƙan dutse yana nan, tukunyar abinci tana nan, taku biyar tsakaninsu, ƙura tana sauka a kan miya. Ni da na ga abin da irin wannan ƙura ta yi wa yara a ƙasar Anka, na ce da mai wurin a matsar da murhu. Ya ce dutsen Gana ba shi da dalma. Na ce wa ya auna? Daga ranar suka sa mini suna Likita, in na zo wucewa sai su kama tari da gangan. Na ɗauki jakata na hau motar kifi mai komawa bakin teku, ba don na san kowa a can ba.

Garin masunta ne, ba nisa da Takoradi. Na shimfiɗa buhu a gindin mangwaro kusa da kasuwa na koma sana'ata. Ba tuwon dawa, ba fura, kowace miya sai na tambayi abin da ke cikinta har masu abinci suka gaji da ni. Teku kuwa ba ya yin shiru, mutum yana salla yana jin kamar ana zuba tsakuwa a bayansa. Sau da yawa ina cikin liƙin buta sai in ga Inna tana dama fura a ƙwarya, in ɗago in ga ba kowa sai mata masu tallan kifi.

A nan wani dattijo ya same ni, ɗauke da ƙaton ƙahon tagulla irin wanda ake shiga cikinsa a rataya a kafaɗa. Ya yi mini sallama da Hausa. Papa Ato sunansa, tsohon ɗan sanda, a bariki ya koyi Hausar.

"Aboki, buta kaɗai kake iyawa, ko za ka duba wannan tsohuwa? Ta faɗo daga mota, yanzu in na busa kamar akuya mai mura."

Kwana biyu na yi a kanta. Da ya dawo ya busa, sai da matan kasuwa suka waiwayo. Ya kama hannuna ya kai ni wani tsohon sito na koko inda ƙungiyarsu ta 'yan badujala ke taruwa da la'asar. Mutum talatin da wani abu, masunta da direbobi da malaman makaranta, kowa da ƙahonsa, kuma rabin ƙahonin da roba da zare aka ɗaure su. Shugabansu Masta Kwesi, malamin kiɗa mai tabarau, shi ke tsayawa gaba da siririyar sanda a hannu. Ya dube ni ya ce da Turanci, "Najeriya, za ka iya?" Tun daga ranar bai taɓa kirana da sunana ba.

Papa Ato ya yi mini abin da ba zan manta ba. Ya ba ni ɗaki a bayan gidansa, ya sa matarsa ta ware mini tukunya da ludayi da ba a taɓa sa komai a ciki ba sai abin da na yarda da shi. Ya share mini wani lungu a siton, in lokacin salla ya yi sai ya ɗaga hannu, har mai babbar ganga ya dakata.

Gasa suke shiryawa. Duk shekara ƙungiyoyin badujala na yankin suna haɗuwa a gwada gwaninta. Akwai kiɗa ɗaya da kowace ƙungiya za ta yi, sannan kowacce ta zo da sabon kiɗa nata, wanda mutuminta ya tsara musamman don gasar, ba a taɓa jin sa a ko'ina ba. Papa Ato ya ce wata biyu ke nan Masta yana yage takardu, abin ya ƙi fitowa.

To, ga inda na yi wauta. Duk ƙahon da na liƙe sai na gwada shi, don ba na yarda da aikina sai na ji da kunnena, wani lokaci sau biyar. Kuma bakina abu ɗaya ya sani in ban da na fareti: taken mahaifina.

Baba, Mamman Jatau, shi ne Barden Noman ƙauyenmu. Tun ina ƙarami, a wata gayya, ya bar samari goma sha wani abu a baya, ya kai bakin gona ya juyo ya tarye su. A ranar Audu Maiganga ya yi masa take, ya kuma sa mai sarewarsa ya bi shi. Daga nan in aka kaɗa shi ko Baba yana cin tuwo sai ya miƙe ya ɗaga hannu, mu 'ya'yansa mu amsa da kirarinsa. Ba a kaɗa wa kowa shi. Wani attajiri ya taɓa neman Audu ya kaɗa masa a bikin ɗansa, Audu ya ce ya je gona ya noma kuyya ɗari tukuna. Audu ya rasu shekaru kafin tafiyata, ɗiyansa ba wanda ya gaji ganga, Baba kuma gwiwa ta zaunar da shi. Taken bai rage a ko'ina ba sai a bakina.

Wata la'asar ina gwada wani ƙaramin ƙaho, Masta ya tsaya a kaina. Ya ce in sake. Na sake. Ya ce a hankali. Ya ciro takarda mai layuka yana ɗiga baƙaƙen abubuwa kamar kashin awaki. Ni a zatona aikina yake dubawa, ina tunanin ko liƙin yana yoyon iska. Sau bakwai na busa masa. Da zai tafi ya dafa kafaɗata.

Bayan mako uku ina duƙe a lunguna ina gyaran wani maɓalli, sai na ji shi. Ƙananan ƙahoni suka fara, manya suka shigo daga ƙasa, ganga ta ɗauka. Ban san lokacin da na miƙe ba, guduma ta faɗo mini a ƙafa ban ji zafi ba. Taken Baba ne, mutum talatin suna busa shi, rufin kwano yana rawa. Zan faɗi gaskiya don ba na son zalunci ko ga wanda ya zalunce ni: Masta ya yi aiki. Ya sa masa gaba da baya, ya sa ƙahoni suna amsa wa juna, akwai wurin da komai ke lafawa ƙaho ɗaya ya rage. Amma ƙashin bayan abin na Audu Maiganga ne, kuma mai shi Mamman Jatau.

Da suka tsaya na leƙa takardar da ke gaban Papa Ato. Turancina na aji shida ne, amma ya ishe ni karanta suna. A sama an rubuta sunan Mista Bentil, attajirin da ke da jiragen kamun kifi, wanda ya ɗinka wa ƙungiyar riguna. Kiɗan nasa ne, don girmama shi aka yi. A gefe kuma, wanda ya tsara: Masta Kwesi. Na juya takardar, na duba bayanta, na duba ƙasa inda ake ƙananan rubutu. Babu.

Na ce Papa Ato ya zo ya yi mini tafinta, don in raina ya ɓaci Turancina gudu yake yi.

"Ka gaya masa wannan kiɗa yana da mai shi."

Masta ya cire tabarau yana gogewa. Papa Ato ya juyo da amsa, yana kallon ƙasa. "Ya ce kiɗan daji ne, irin wanda kowa ke yi a gona. Ya ce irin wannan ba shi da uba."

"Yana da uba. Ubana ne! Yana nan da ransa, in kuna so in ba ku sunan ƙauyen."

'Yan ƙungiyar suka yi dariya, ba ta mugunta ba, sun ɗauka raha nake. Na yi bayanin gayya, na yi bayanin Audu, har na duƙa na nuna yadda ake jan galma. Na ce ban hana su busawa ba, tunda bakina ne ya ba su, laifin nawa ne. Abu ɗaya nake roƙo, a cire sunan Mista Bentil a sa na Mamman Jatau. Mutumin da bai taɓa duƙawa a gona ba, wanda ko takalminsa ba ya iya ɗaurewa saboda tumbi, a miƙe a busa masa taken Barden Noma?

Masta ya daina murmushi. Ya ce an riga an aika takarda ga masu gasa, ya sa hannu cewa kiɗan nasa ne tun daga tushe. In aka ji wani abu dabam za a kori ƙungiyar gaba ɗaya. Ya ce ni layi huɗu na busa, shi ya mayar da su shafi goma sha biyu. Sannan ya faɗi maganar da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Ya ce in gode masa, don ba don shi ba, abin zai mutu tare da tsohon.

Makonni biyar suka rage, kuma a cikinsu ban huta ba. Na rubuta wa alƙalan gasar wasiƙa, na yage, na sake, na yage, ta uku na ninke na sa a aljihu. In na yi niyyar aikawa sai in tuna Papa Ato. Shekara saba'in da wani abu, haƙoransa sun fara girgiɗa, ya gaya mini wannan ce gasarsa ta ƙarshe, kuma tun da aka kafa ƙungiyar ba su taɓa ɗaukar kofi ba. In na fasa kuma sai in tuna akwai 'yan wajenmu masu sayar da albasa a kowane gari na ƙasar, kowa da waya a hannu. Wata rana wani zai kunna abin a kasuwar Gummi, wani tsoho ya ce, ai wannan taken Jatau ne, wa ya sayar? Kuma duk ranar Allah ina zaune a lungun nan ina gyara ƙahonin da za a busa shi da su. Na gyara su da kyau, don ban iya aikin ha'inci ba, wannan ma ya ƙara mini haushi.

Papa Ato bai taɓa cewa in yi ko in bari ba. Sau ɗaya dai muna cin abinci ya ce, "Lawali, na ga takarda a aljihunka. In ka kai, ba zan ce ka yi ƙarya ba."

Ranar gasa aka kwashe mu a mota zuwa filin ƙwallo na babban garin yankin. Ƙungiyoyi kala-kala, riguna ja da shuɗi, tagulla tana walƙiya har ido ya yi ciwo. Alƙalai uku suna cikin wata rumfa da aka rufe da labule don kada su ga masu busa, kunne kaɗai ke aiki. Saboda haka in an fara kiɗa ba a yarda kowa ya yi magana ba, ko tafi sai an gama. Sau biyu na je har bakin rumfar da wasiƙa a hannu, sau biyu na juyo. A na biyun na hango Papa Ato yana shafa wa leɓensa man kaɗe. Na mayar da ita aljihu na ce shi ke nan, na haƙura.

Mai lasifika ya kira sunan kiɗan. Mista Bentil ya miƙe daga kujerar gaba yana ɗaga hankici, aka tafa masa. Masta ya ɗaga sandarsa.

Na riƙe kaina a farko. Na riƙe har tsakiya, ina danne jakar kayan aiki a ƙirji. Sai aka zo wurin nan da komai ke lafawa, ƙaho ɗaya ya rage yana jan taken shi kaɗai, daidai inda Audu yake sassauta hannu ya jira a amsa. Fili ya yi tsit. Na ga Mista Bentil yana gyaɗa kai, ya rufe ido. Ni dai na ji muryata ta fita:

"Mamman na Hajo! Jatau gagara fako! Rana ta gaji ta bar ka duƙe! Mamman Jatau, Barden Noma, naka ne!"

Sau uku na faɗa, kamar yadda ake yi. Mai ƙahon ya sarƙe, ya kama, ya ci gaba. Labulen alƙalai ya motsa. Wasu ƙarti biyu masu tsaron fili suka ɗauke ni cak, ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa, suka ajiye ni bayan katanga wurin masu sayar da rake. Daga nan na ji ƙarshen kiɗan.

Na uku suka zo. Masta ya ce ni na kayar da su, wasu suka ce tun a kiɗan farko aka fi su. Har yau ban sani ba, kuma ba ranar da ba na auna abin. A mota ba wanda ya yi mini magana. Da muka sauka Masta ya ce kada ya sake ganina a siton. Na ce ya cire sunan mutumin daga takarda. Ya wuce abinsa.

Papa Ato ne na kasa haɗa ido da shi. Washegari da hantsi ina ɗaure kaya ya shigo. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ka ɓata mini kofi, ɗan banza," in ji shi. "Amma kai, kana da murya! Da ka shiga ɗan sanda."

Ya miƙo mini katin memori, ya ce jikanyarsa ta ɗauki kiɗan duka a waya. Sannan ya buɗe takardarsa ta busa ya nuna mini. Ya soke sunan Mista Bentil da fensir, ya rubuta na Baba a sama, ya ce in duba ko ya rubuta daidai. Takarda ɗaya cikin talatin da wani abu. Sauran suna can yadda suke.

Da damina na iso gida. Kwana biyu ina kewaye-kewaye, a na uku na ga ba zan iya cin tuwo a gabansa da wannan abu a ciki ba. Na same shi da la'asar a ƙofar gida, ya miƙe ƙafafu a kan tabarma. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba. Da na gama ya ɗago.

"Wa yab ba su?"

"Ni, Baba. Ban sani ba."

"Kai dai kullum ba ka sani ba. Shi mai kuɗin, kuyya nawa yat taɓa yi?"

"Ko ɗaya."

"Sa mu ji."

Na sa memorin a waya na kunna. Inna ta fito da ludayi a hannu ta tsaya a bakin zaure. Baba ya sunkuyar da kai, yatsansa yana bugun tabarma, sai ya daina, ya sake gwadawa, ya daina. Aka zo wurin ihuna, Inna ta toshe baki. Kiɗa ya ƙare da tafi.

"Wanga ba nawa ba ne," in ji Baba.

"Naka ne, Baba, wallahi, sun dai ƙara masa..."

"Na ce ba nawa ba ne. Ji saurin da suka yi! Wa ka noma da wanga gudu? Kahin a kai tsakiyar gona an hwaɗi matacce. Nawa da tahiyar galma shika tahiya. Su riƙe abinsu, su ba mai tumbin, ya yi gudu da shi in shina iyawa."

Na buɗe baki zan ce amma takarda, amma suna, amma shafi goma sha biyu. Ya daka mini tsawa.

"Kai, rufe min baki da zancen takarda! Maido shi baya."

"Daga farko?"

"Mi zan yi da farko? Wurin da kaka ihu."